Karatun Da Ba Shi Da Sauka

A makon nan sama za mu ɗaga kai, mu dubi waɗansu mutane da wasansu shi ne su shiga jirgin sama, in ya cilla kamar ƙafa 13,000, su buɗe ƙofa su faɗo da gangan, ba abin da suka dogara gare shi, bayan Allah, sai laimar da ke goye a bayansu. Mu nan ƙasar sojojin laima muka fi sani, irin waɗanda ake horarwa a Jaji. Amma a Amurka da ƙasashen Turai farar hula ne, maza da mata, suka mai da abin wasan ƙarshen mako.

Mai karatu zai zaci sabon shiga shi ya fi kowa zama cikin haɗari a wannan wasa. Alhali kuwa sau da yawa gwani ne ajali kan cimma, wanda ya diro sau ɗaruruwa har tsoro ya fita daga ransa. Abin da ya sa ke nan masu wasan suka ɗauki koyonsa karatun da ba a saukewa.

Bari mu fara da lissafi. Wanda ya faɗo daga jirgi, kafin ya buɗe laima, gudun mil 120 a awa yake yi, watau yana cinye ƙafa 1,000 cikin abin da bai kai daƙiƙa 6 ba. Galibi akan buɗe laima a wajen ƙafa 3,000. In ta ƙi buɗewa sam, tsakaninsa da ƙasa daƙiƙa 17 ne kacal. Ƙungiyar masu dirowa da laima ta Amurka, USPA, tana koyar da cewa kafin gwani ya gangaro ƙafa 1,800 lalle ya riga ya yanke shawarar abin da zai yi. To, ashe daƙiƙa bakwai gare shi ya gane matsalar, ya kuma ɗauki mataki. Wannan ba lokacin tunani ba ne. Abin da hannu ya haddace shi zai yi.

Kowane mai dirowa laima biyu yake goyawa, babba da ta ko-ta-kwana. Kimanin sau ɗaya cikin dubu babbar kan ba da matsala, ko igiyoyi su harɗe, ko ta buɗe rabi ta dinga juya mutum kamar dutsen niƙa. Maganin shi ne ya ja maɗaurin da ke dama ya saki babbar ta tafi, sa'an nan ya ja na hagu ta biyun ta fito. In ya birkita tsarin, laimomin biyu suna iya sarƙewa, ya rasa tudun dafawa. Ga inda gizo ke saƙar: mutum ya iya yin shekara biyar yana dirowa bai taɓa bukatar wannan ba. Abin da ba a yi kullum kuwa hannu kan manta shi, kamar yadda wuƙar da ta daɗe cikin kube takan yi tsatsa. Saboda haka akan rataye mutum da ɗamararsa a ƙasa, malami ya girgiza shi, ya nuna masa hoton laimar da ta lalace, shi kuwa ya yi ta maimaita jan maɗauran nan har abin ya zama jiki.

Hausawa sun ce sabo turken wawa, tarihin wasan nan kuwa ya gaskata su. Cikin watan Afrilu na 1988, a jihar North Carolina, wani mai ɗaukar hoton masu dirowa wanda ya riga ya diro fiye da sau 800 ya fita daga jirgi ba laima a bayansa. Hankalinsa duk ya tafi ga kayan ɗaukar hoton da ya rataya. Ɗalibin da ya zo jiya da wuya ya yi wannan kuskure, domin shi tsoro kan sa ya shafa ɗamararsa sau goma, malami kuma ya duba shi. Gwani kuwa wa zai tsaya duba shi? Shi ya sa ake nanata wa kowa, kome yawan dirarsa, ya bari ɗan'uwansa ya duba masa kaya kafin a shiga jirgi.

Kafin wannan, ran 27 ga Agusta 1967, mutum 18 suka diro daga wani jirgi a jihar Ohio. Gajimare ya rufe ƙasa, an kuma yi kuskuren gane inda jirgin yake. Doka ta hana dirowa ta cikin gajimare, amma suka diro. Da suka keto shi sai suka ga ruwa ne a ƙarƙashinsu, Tafkin Erie. Kaya suka jiƙe suka yi nauyi, 16 daga cikinsu suka nutse. Yau ba a ba mutum lasin na biyu a Amurka sai an koya masa yadda zai kuɓuce wa laimarsa in ya faɗa ruwa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa.

Wani abin lura kuma, da yawa daga cikin waɗanda suka rasu a shekarun baya-bayan nan laimarsu lafiya lau ta buɗe. Laimomin zamani kamar fiffike suke, ana tuƙa su. Mutum na ƙara gwanancewa, yana sayen ƙarama mai gudu, yana karya kwana kusa da ƙasa don burge 'yan kallo. Kuskuren ƙafa kaɗan ya isa ya buga shi da ƙasa, ko ya haɗa shi karo da wani a sama. Watau duk wanda ya sake laima ya koma ɗalibi, ko ya yarda ko bai yarda ba.

Don haka ƙungiyar nan ta USPA ta ɗaure lasin da maimaici. Lasin na farko sai bayan dira 25, na biyu 50, na uku 200, na huɗu 500. Mai lasin na farko in ya yi kwana 60 bai diro ba, sai ya koma gaban malami. Mai na biyu kwana 90 aka ba shi, manyan gwanaye wata shida. Laimar ko-ta-kwana ita ma, ko ba a taɓa ta ba, dokar Amurka ta ce duk kwana 180 sai ƙwararren mai naɗi ya warware ta, ya duba, ya sake naɗewa. Bugu da ƙari, tun daga 1997 aka ware rana guda cikin watan Maris, lokacin da hunturu ke ƙarewa masu wasan ke komowa fili, kowa da kowa ya zauna a yi tilawar darussan tsaro.

An kuma sami taimakon na'ura. Wani Bajamushe, Helmut Cloth, bayan abokinsa ya rasu a wasan cikin 1986, ya duƙufa har ya fito da wata 'yar na'ura mai suna CYPRES cikin 1991. Ita takan buɗe laimar ko-ta-kwana da kanta in mutum ya iso wajen ƙafa 750 yana gudun faɗuwa. Ta ceci rayuka masu yawa. Sai dai ba ta tuƙa wa kowa laima, ba ta hana shi karya kwana a bakin ƙasa, kuma sai an tuna an kunna ta.

Ko wannan naci ya yi amfani? A shekarun 1970, a matsakaici, akan rasa fiye da mutum 40 a shekara a Amurka. Cikin 2023 an diro fiye da sau miliyan uku da rabi, mutum 10 aka rasa. Kaya sun inganta, gaskiya ne, amma da an dogara ga kaya kaɗai da ba a kai nan ba.

Wani zai ce ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma wanda ya san rai amana ne ba ya sakaci da shi sa'an nan ya ɗora wa ƙaddara laifi. Direban da ya shekara ashirin a kan hanyar Kano zuwa Ikko, wanda ya daina duba taya da birki don ya san hanya, shi ma sai ya ɗauki nasa rabon daga wannan magana. In mai dira 500 bai ji kunyar komawa gaban malami ba, mu me zai hana mu?

Allah ya tsare mu da sakaci. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.