Abin da Ke Tace Maka Sabis Zai Iya Rage Wa Waya Zafi



Mai sayen waya tambayarsa biyu ce: kyamara nawa, RAM nawa? Ba ka jin mai tambayar zafi. Alhali zafi ne ke kumbura batir, shi ke sa IC ta saki fanel. Shi ya sa a ganina binciken da masana ke yi na juya maganaɗisu da girgizar sauti ya fi ƙara wa waya kyamara ta huɗu amfani.

Bari mu fara da abin da ke hannunka. A fanel ɗin wayarka, wajen layin eriya, akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ba su kai ƙwayar shinkafa ba, sunansu filtar SAW. Su ke tace sabis, su bar wanda ake so ya wuce, su tare sauran. In ɗaya ta lalace, sai ka ga waya lafiya ƙalau amma sabis ya raunana ko ya ɗauke. A cikin filtar akwai ɗan kiristal, galibi litiyom tantalet ko litiyom nayobet, wanda ke motsawa in wuta ta taɓa shi. A samansa an shimfiɗa siraran ƙarafa kamar haƙoran mataji biyu da aka sarƙe. Sigina na shiga sai ta koma girgiza mai bin saman kiristal ɗin, kamar yadda ruwa ke kaɗawa in ka jefa tsakuwa a tafki, can gaba kuma ta sake komawa wuta. Kunne ba ya jin ta. Lord Rayleigh na Ingila ne ya yi bayanin irin wannan girgiza a 1885, sannan White da Voltmer suka fito da dabarar matajin a Jami'ar Kalifoniya a 1965.

To ina ruwan maganaɗisu? A 1842 James Joule ya lura ƙarfe na ɗan canza tsayi in aka sa masa maganaɗisu. A 1865 Villari ɗan Italiya ya nuna akasin haka: in ka matse ƙarfen ko ka ja shi, maganaɗisunsa na canzawa. Sai masana suka haɗa biyun. Suka shafa nikel siriri ƙwarai a kan kiristal ɗin, suka tura girgizar ta bi ta ƙarƙashinsa. Tana matse shi tana saki fiye da sau biliyan a daƙiƙa ɗaya, sai alƙiblar maganaɗisun ta kama rawa. Masana a cibiyar Walther-Meissner da ke kusa da Munik a Jamus sun nuna haka a 2011.

Ga inda abin ya shafe ka. Akwai memori da ake kira MRAM, wadda ke ajiye 0 da 1 da alƙiblar maganaɗisu, ko an kashe wuta ba ta mantuwa. Freescale ya fara sayar da ita a 2006, Samsung ya fara ƙera tasa da yawa a 2019. Amma kafin a rubuta mata abu sai an tura wuta mai ƙarfi ta ratsa ta, kuma duk inda wuta ta ratsa zafi na biye. In girgiza ta ɗauke wani kaso na aikin, wutar da za a ci ta ragu, zafi ya ragu, caji ya ƙara daɗewa. Kai da ke biyan kuɗi a shagon caji, ka san darajar wannan.

Wani zai ce, in abin na da kyau haka, me ya hana shi shigowa kasuwa? Tambaya ce mai kyau. Girgizar na gudun kusan mita 3,500 a daƙiƙa, wato a gigahaz 1 tsawon kaɗawa ɗaya ya kai maikromita 3.5. Shi kuwa ɗakin memori ɗaya bai kai nanomita 100 ba. Ka ga kamar ka kaɗa ganga a unguwa ne kana so mutum ɗaya tak ya farka. Na biyu, kiristal ɗin ba silikon ba ne, haɗa su a IC ɗaya aiki ne ja. Shi ya sa wasu ke ganin girgizar ta sassauta maganaɗisun kawai, 'yar wuta kaɗan ta ƙarasa juya wanda ake so. Har yanzu abin na ɗakin gwaji, don haka duk wanda ya ce maka ga waya mai irin wannan memori, riƙe kuɗinka.

Duk da haka ban yarda a raina shi ba. Ita ma filtar SAW daga takardar lissafi ta fara, shekara 80 kafin a samu mataji, yau kuwa da wuya ka buɗe waya ba ka same ta ba.

Ku kuma abokan sana'a, maganata gare ku ita ce: ciro wannan, manna wancan ba zai riƙe mu har abada ba. Kullum kamfanoni ƙara cusa filtoci da sauran kayan sabis suke cikin IC guda. Wanda ya san me kowane abu ke yi shi zai gano matsala, wanda bai sani ba sai ya yi ta gasa fanel ɗin mutane da iska mai zafi. In ka buɗe waya gobe, ɗauko zanen fanel ɗin, bi layin eriya, nemo filtar da idonka.

Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani.