Gasar Olamfik a ɗakunanmu: mu zauna mu kalla tare da 'ya'yanmu

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, da salati ga fiyayyen halitta (SAW), muna so yau mu taɓa wani al'amari da da yawa ke ɗauka ƙarami ne, alhali yana shiga gidajenmu ba tare da sallama ba.

Waɗanda suka manyanta a cikinmu ba za su manta da daren 31 ga Yulin 1996 ba. Brazil na gaban Najeriya da ci 3 da 1 a wasan kusa da na ƙarshe na ƙwallon ƙafa a gasar Olamfik ta Atlanta, har wasu sun fid da rai sun nufi shimfiɗa. Sai ga ihu ya ɓarke a unguwa: an rama, Nwankwo Kanu kuma ya ƙara ta huɗu. Bayan kwana uku aka doke Ajantina da ci 3 da 2, aka ɗauko lambar zinare, da 'yan Kaduna irin su Tijjani Babangida da Garba Lawal a cikin tawagar. A wancan zamani akwatin talabijin ɗaya kan ishi layi guda. Uba da ɗa, malami da ɗalibi, duk a kan tabarma ɗaya suke, kuma abin da yaro ya gani babba ma ya gan shi.

Yau kiɗa ya sauya. Gasar na cikin wayar da ke aljihun kowane matashi, tana kuma gidan kallon da ke bakin titi. Duk shekara huɗu idan ta zagayo, sai magidanta su rabu gida biyu. Wani ya zare wayar talabijin ya ce a gidansa ba a kallon shirme. Wani ya miƙa wa yara rimot ya fice majalisa, ya ce ai wasa ne kawai. A ganinmu dukansu biyun sun sauke wa kansu nauyin da Allah ya ɗora musu. Abin da ya fi dacewa shi ne na uku, wanda ya fi wuya: uba da uwa su zauna a kalla da su, su zaɓi abin da za a gani, su tsayar da lokacin da za a tashi.

Wannan ra'ayi yana da tushe. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Uwar Muminai A'isha (RA) cewa wasu Habashawa sun yi wasa da masu a masallaci, Manzon Allah (SAW) ya tsaya yana kāre ta tana kallo, bai gusa ba har sai da ita da kanta ta gaji. A dubi wannan da kyau. Bai hana ta kallon ba, bai kuma tura ta ita kaɗai ya tafi harkarsa ba. Tsayawa ya yi tare da ita. Haka nan Abu Dawud ya ruwaito cewa ya yi tsere da ita har sau biyu, ta tsere masa a na farko, ya tsere mata a na biyu. Ya kuma tabbata cewa ya sa an yi sukuwar dawaki a Madina. Addinin da wannan ne tarihinsa ba ya gaba da motsa jiki, ba ya kuma gaba da jin daɗin kallonsa.

Sai dai masu hanawa ba da ka suke magana ba, kuma adalci ne mu saurare su. Akwai wasanni, kamar ninƙaya da ƙwallon raga ta bakin teku, da suturar masu yin su ba ta dace da idon Musulmi ba, namiji ko mace, ga kuma umarnin runtse ido a bayyane a ayoyi na 30 da 31 na Suratun Nur. Asalin gasar ma bikin bautar gumaka ne na tsoffin Girkawa, kafin a farfaɗo da ita a birnin Atina a 1896, kuma har yau ana kunna wutarta a kufan Olimfiya cikin wani biki mai kwaikwayon waccan al'ada. Bikin buɗe gasar Paris, ranar 26 ga Yulin 2024, ya zo da wani fage da Kiristoci da yawa suka ɗauka izgili ne ga Annabi Isa (AS). Al-Azhar ta yi tir da shi, masu shirya gasar kuma suka ba da haƙuri. Duk wannan gaskiya ne.

Tambayarmu ita ce: idan an kashe talabijin ɗin gida, ina yaron yake zuwa? Mun san amsar. Gidan kallo zai tafi, ko ya lulluɓa da zane ya buɗe waya. A can babu mai ce masa ya kau da kai, babu mai tuna masa an kira sallah, kuma na kusa da shi yana iya zama wanda ya zuba kuɗin cefanen gidansu a caca. Uban da ya hana ya sami kwanciyar hankalin cewa ba a yi a gabansa ba, amma ɗansa ya ga duk abin da ake gudu, har da ƙari, babu mai yi masa bayani.

Wanda ya zauna kuwa yana da zaɓi mai faɗi. A gasar Paris an yi nau'in wasanni 32, an raba lambobin zinare a fannoni 329. A ciki akwai harbin kibiya, da hawan doki, da wasan takobi, da harbin bindiga, da judo, da takwando, waɗanda masu yin su a suturce suke shiga fili. Jadawalin kuma tun kafin a fara ake fitar da shi. Babu abin da zai hana magidanci ya duba shi da safe ya ce wa iyalinsa: yau kaza da kaza za mu kalla, idan aka zo kaza za mu sauya tasha. Yaron da ya ga mahaifinsa ya sauya tasha cikin natsuwa, ya kuma ji dalili, ya koyi runtse ido a aikace fiye da yadda zai koya a wa'azi goma.

Akwai kuma darussan da sai da babba a kusa ake tsintar su. A Paris, Arshad Nadeem na Pakistan ya jefa mashi nisan mita 92.97, ya kafa sabon tarihin gasar, sannan ya kai goshinsa ƙasa a gaban duniya. A Rio a 2016, Ibtihaj Muhammad ta zama mace ta farko da ta wakilci Amurka a gasar sanye da hijabi, ta kuma koma gida da lambar tagulla tare da tawagarta ta wasan takobi. A Tokyo a 2021, Mutaz Barshim na Katar da Gianmarco Tamberi na Italiya sun yi kunnen doki a tsallen sama, suka yarda su raba zinaren maimakon su ci gaba da fafatawa. A ɗaya gefen, Faransa ta hana 'yan wasanta mata sa hijabi a gasar da ita ce mai masaukin baƙinta, alhali na sauran ƙasashe suna sawa. Gasar Landan ta 2012 kuwa gaba ɗayanta a cikin Ramadan ta faɗo, abin da ya tayar da maganar rangwamen matafiyi a kan azumi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙofa ce ta hira da yaro a kan godiya, da riƙo da addini a inda ake ƙyamarsa, da karamci ga abokin hamayya, da fiƙihu ma. Amma mu tuna masa cewa sujadar ɗan wasa ba ta mayar da shi malami ba. Ƙwazonsa da juriyarsa ake koya, addini kuma a wurin ma'abotansa ake ɗauka.

Iyaka biyu ne ba ma ganin akwai sassauci a cikinsu. Ta farko sallah. Suratun Nisa'i, aya ta 103, ta bayyana cewa sallah farilla ce mai ƙayyadadden lokaci. Faransa na gabanmu da awa ɗaya a lokacin gasar, don haka manyan wasannin tsere na dare sun riƙa faɗowa daidai Magariba da Isha'i a Kano da Maraɗi. Gasar Los Angeles ta watan Yulin 2028 za ta fi wannan jarrabawa, domin muna gabansu da awa takwas: abin da aka fara ƙarfe bakwai na yammacinsu, ƙarfe ukun dare ne a wurinmu. Wanda ya raba dare a gaban allo, da wane ido zai tashi Asuba? Tseren mita 100 na maza ba ya kai daƙiƙa goma, kuma za a yi ta maimaita shi har a gaji. Jam'in da ya wuce kuwa babu tashar da za ta sake nuna shi.

Ta biyu caca. Aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta jera ta tare da giya, kuma sauya mata suna zuwa hasashen sakamako bai sauya hukuncinta ba. Tallanta ya cika tashoshin wasanni da wayoyin matasa. Daga ranar da yaro ya ɗora naira ɗari a kan wasa, ya daina zama mai sha'awar wasan. Ba gwaninta yake kallo ba kuma, kuɗinsa yake bi da ido, ga faɗuwar gaba da zagin ɗan wasan da bai san da zamansa ba. Ɗalibai musamman su kiyayi wannan rami, domin da ƙaramin kuɗi ake fara faɗawa.

Saura abu ɗaya da ya kamata kallon ya haifar mana, wato kunya mai amfani. Najeriya, duk da yawan jama'arta, ta dawo hannu rabbana daga Landan a 2012, haka ma daga Paris a 2024. Nijar ta sami tagulla ta hannun ɗan dambe Issaka Daboré a 1972, sai da ta jira shekara 44 kafin Abdoulrazak Issoufou Alfaga ya kawo mata azurfa a takwando a 2016. Mu ne masu dambe da kokawa da langa da sukuwa, amma mun koma 'yan kallo. Filayen wasa na makarantu da yawa sun zama shaguna, 'yan matanmu kuma da wuya su sami killataccen wurin motsa jiki. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya fifita mumini mai ƙarfi a kan mai rauni, tare da cewa akwai alheri a dukansu. Ba lambar yabo ce babbar bukatarmu ba, lafiyar jikin da za a bauta wa Allah da shi ce. Idan an gama mako biyu ana kallon masu gudu, ya kamata a samu uban da zai fita da 'ya'yansa bayan Asuba su zagaya unguwa, da makarantar Islamiyyar da za ta ware wa ɗalibanta awa ɗaya a mako, maza daban mata daban.

Hukuncin kowane wasa dalla-dalla na malamai ne, kuma wanda ya zaɓi barin kallon gaba ɗaya domin tsare kansa ba mu da ta cewa a kansa. Kiranmu ga wanda Allah ya ba kiwon iyali ne, wanda ya san 'ya'yansa za su kalla ko ya so ko ya ƙi. Ya jawo kujera ya zauna, ya riƙe rimot, ya yi murna tare da su idan namu ya yi nasara, idan kuma ladan ya ɗaga murya ya zama shi ne farkon miƙewa.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya sanya albarka a lokutanmu, Ya tsare mana idanu da zukata. Amin.