Kafin ka zuba tarwaɗa dubu, ka fara riƙe kifi goma a gilashi

Yau zan faɗi ra'ayin da na san wasu za su ce wasa nake. Duk wanda yake shirin kafa tankin tamfol a Jushi, ko Samaru, ko Muchiya, ina ba shi shawara ya fara da akwatin gilashi na kifin ado mai shuke-shuke a ciki, ya riƙe shi wata uku. Idan kifi goma suka rayu a hannunsa, to ya je ya sayo fingalin ɗinsa.

Dalilina shi ne, yawancin asarar da sababbin masu kiwo ke yi daga ruwa take. Mutum zai ci bashi ko ya kwashi adashi, ya zuba tarwaɗa dubu, bayan kwana goma ya wayi gari sun taso ciki sama, sai a ce sammu ne ko an sayar masa da mugun iri. Alhali ruwan ne ya zama guba bai gani ba, don cikin tamfol ba a ganin komai. A gilashi kuwa komai a fili yake: za ka ga kifi yana haki a sama, ka ga abincin da ya rage yana ruɓewa a ƙasa, ka ga ruwa ya fara hazo. Darasin da za ka biya da jarinka gaba ɗaya, nan za ka koye shi da kuɗi kaɗan.

Babban darasin kuwa shi ne kifi ake saya a ƙarshe. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, ita kuma guba ce. Akwai ƙananan ƙwayoyin halitta da ke zama jikin soson filta da tsakuwa, suna mayar da amoniya naitirait, wadda ita ma guba ce, wasu kuma su mayar da ita naitiret mai sauƙin illa, wadda shuke-shuke ke sha kamar taki. Waɗannan ƙwayoyin ba sa yawaita a kwana biyu, sukan ɗauki sati 4 zuwa 6. Don haka ka haɗa akwati, ka kunna filta, ka riƙa barbaɗa ɗan abincin kifi kullum alhali babu kifi ko ɗaya, ka jira. Idan kana da abokin da akwatinsa ya daɗe lafiya, roƙi guntun soson filtarsa, zai rage maka kwanaki.

Girman akwati fa? Kar ka sayi 'yar kwalbar nan mai kamar tulu. Ruwa kaɗan saurin lalacewa gare shi, saurin ɗaukar zafi da sanyi. Mafi ƙanƙanta da zan yarda da shi, tsawo santimita 60, faɗi 30, tsayi 30. Lita 54 ke nan, jarka biyu da ɗan ɗori. Ruwan kaɗai kilo 54 ne, ban da yashi da gilashi, saboda haka tebur mai ƙafar kaza ba zai yi ba. Ajiye shi inda rana ba ta dukan sa kai tsaye, in ba haka ba gansakuka za ta cinye gilashin. Ƙwan sola mai fari na awa 6 zuwa 8 ya wadatar da shukoki. Ruwan famfo ka bar shi a buɗe kwana ɗaya kilorin ya fita. Na rijiyar burtsatse kuma iska ce ba ta ishe shi ba, ka kunna masa famfon iska kafin amfani.

Sai yanayinmu na Zariya, wanda bidiyoyin Turawa ba za su gaya maka ba. Daren hunturu, Disamba zuwa Janairu, sanyi kan sauka ƙasa da digiri 15, alhali yawancin kifin ado sun fi son 24 zuwa 27. Hita tana buƙatar wuta tsayayya, kowa kuma ya san halin da ake ciki. Mafita ita ce a sa akwatin a ƙuryar ɗaki, a yi masa murfi, a lulluɓe gefensa da bargo da daddare. A watan Maris da Afrilu lamarin ya juya, ruwa ya yi ɗumi, iskar cikinsa ta ragu, nan ne ƙaramin famfon iska mai aiki da pawa banki yake ceton rai. Wannan sanyin ne dai yake sa tarwaɗa ta daina cin abinci a tamfol, kuma wanda ya gan shi a gilashi ba zai ci gaba da zuba buhun abinci a banza ba.

Batun shuka, ba sai ka yi oda daga Legas ba kafin ka fara. Kainuwa tana yawo a sama, tana shan dattin ruwa sosai, jijiyoyinta kuma mafaka ce ga 'ya'yan kifi. Sai dai ka riƙa rage ta kada ta toshe haske. Amma a kula: duk tsiron da aka ɗebo daga Kubanni ko Galma, a wanke shi, a ware shi cikin bokiti sati biyu, a tsince katantanwa da matsattsaku. Wasu katantanwar ruwa su ne ke ɗauke da cutar tsargiya, kar ka kai ta falonka. Idan ka samu Anubiyas, saye ta. Asalinta dazukan kudancin Najeriya da Kamaru ne, ba ta son haske mai yawa, ɗaure ta ake yi jikin dutse ko ice, ba a binne gindinta.

Haɗa kifi kuma kamar haɗa kaji ne, ba ka zuba 'yan tsaki cikin manyan zakaru. Tarwaɗa duk abin da ya shiga bakinta abinci ne. Karfasa tona ƙasa take, ta tumɓuke shuka. Golfish cin ganye yake, ga yawan kashi, gara a ware masa nasa. A lita 54, fara da gupi uku, namiji ɗaya mata biyu. Bayan sati biyu, in komai lafiya, ƙara zebra daniyo shida, su suna jure sanyi kuma a garke suke son zama. Ka tsaya nan, don gupi haihuwa take kusan duk wata, ba ƙwai take yi ba. Abinci abin da za su cinye cikin minti biyu. Duk sati ka canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, kar ka juye duka, kar kuma ka wanke soso da sabulu.

Na san abin da za a ce: kifin da ba a ci, ina ribarsa? Gaskiya kasuwar kifin ado a Zariya ba ta kai ta tarwaɗa ba, duk wanda ya ce maka za ka yi kuɗi da ita cikin wata shida, yaudararka yake. Akwai dai masu otal, ofisoshi, makarantu da gidajen ma'aikata da za su iya sayen 'ya'yan gupi ko su biya a kula musu da akwati, wanda zai mayar maka da kuɗin abinci. Ribar gaske ita ce idonka ya iya karanta ruwa. In ka haɗa wannan da ƙasidun kiwon kifi na NAERLS da ke nan Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello, ka shiga tamfol da saninka.

Wata uku ba za su tsere da arzikinka ba. Allah ya sa albarka a kiwonmu, ya tsare mu asara.