Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi

A kasuwannin ƙasar Zazzau ta arewa, watau irin su Makarfi da Ikara da Hunkuyi ta ƙasar Kudan, wani lokaci akan ji ganga ta tashi, yara su watsar da talla su ruga. Gardawa ne suka iso, janye da kura cikin sarƙa, bakinta da takunkumi. A yi tsalle, a yi kirari, a kantara mata kulki ta yi ƙara, jama'a su bushe da dariya su watsa kuɗi. Wannan wasa zalunci ne, kuma masu watsa kuɗin nan su ne ke raya shi.

Tatsuniya ta daɗe tana ɓata wa kura suna, ta mai da ita matsoraciya, ɓarauniya, mai cin mushe. Amma wani masani mutumin Holan, Hans Kruuk, ya yi shekaru yana bin kuraye dare da rana a dajin Serengeti da Ngorongoro na ƙasar Tanzaniya, ya fitar da littafinsa cikin 1972. Abin da ya gani ya saɓa wa tatsuniya. Mafi yawan naman da kuraye ke ci a can su suke farauto shi da kansu, kuma sau da yawa zaki ne ke zuwa ya ƙwace musu.

Kura dabbar dangi ce. Sukan zauna ƙungiya guda, wani lokaci har su kai 80, kowace ta san matsayinta. Mata ke mulki, sun kuma fi maza girma da ƙarfi, 'ya kuwa takan gāji darajar uwarta kamar yadda ake gadon sarauta. In biyu suka haɗu sai sun tsaya sun sansani juna, gaisuwarsu ke nan. Kukan nan da mutanen ƙauye ke ji da dare su ja ƙyaure, kira ne take yi wa 'yan'uwanta, kuma suna gane muryar mai kiran daga nesa. Cikinta kwana 110 ne ko kusa da haka, takan haifi biyu, idonsu buɗe, da haƙoransu, ta shayar da su fiye da shekara. To, ashe gardin da ya zaro mai shayarwa daga rami bai kama kura ɗaya ba, ya bar 'ya'yanta ga yunwa.

Gardi zai ce yana ba ta nama, har ta fi ta daji ƙoshi. Ƙoshi kaɗai bai isa ba. Cikin 2003 waɗansu masana biyu na Jami'ar Oxford a Ingila suka gwada halin namun daji masu cin nama da ke tsare a gidajen dabbobi. Suka tarar dabbar da ta saba yawo mai nisa ita ta fi wahala a tsare, sai ta riƙa kai da kawowa a layi ɗaya ba dalili. Haka ake gani ga damisar Indiya mai ratsi-ratsi in an kulle ta, alhali ita a daji ma zaman kaɗaici take yi. Ina ga kura, wadda aka raba da yawon dare, aka kuma raba da dangi, aka fito da ita cikin garjin rana tsakiyar ganguna?

Zai kuma ce sana'ar gado ce, kuma yana da asiri. Gado abin girmamawa ne, amma in asirin ya isa, me ya kawo takunkumi da sarƙa? Muƙamuƙin kura na farfasa ƙashin sa. Duk da haka akwai iyayen da ke miƙa ɗansu a ɗora shi bisa gadon bayanta, wai maganin tsoro, suna dogara ga igiyar da ba su san ranar da aka saƙa ta ba. Ko inda aka yi katanga da ƙarfe akan yi kuskure: zaki ya fita daga kejinsa a Jos cikin 2015 har aka harbe shi, wani kuma ya fita a gidan zu na Kano cikin 2019. Tsakiyar kasuwa kuwa ba katanga, ba ƙyaure.

Kurar da ta shekara cikin sarƙa da wuya ta koma daji ta rayu, saboda haka gyaran yana wajen hana kamo sababbi. Sarkin kasuwa na da ikon hana gardi fili, dagaci na da ikon sanar da ma'aikatan gandun daji. Talaka kuma ya riƙe nairarsa a aljihu, ya riƙe hannun ɗansa, ya wuce wajen masu mazarƙwaila.