Gyambon baki: Tsakanin alƙawarin kimiyya da yaran Sarkin Yamma

Masu bincike a ƙasashen waje sun duƙufa wajen gwada warkar da gyambon baki da ƙwayoyin halitta na asali, wato waɗanda ake cirowa daga ɓargo ko kitse ko cikin haƙori, masu taimaka wa nama ya sake tofowa. Mafi yawan gwaje-gwajen a kan ɓeraye aka yi su, kuma har yanzu hanyar ba ta zama maganin da likitoci ke rubuta wa mai gyambon baki ba. Inda waɗannan ƙwayoyi suka tabbatar da amfaninsu shi ne dashen ɓargo, irin wanda aka fara yi wa mai sikila a Najeriya a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011.

Sai dai a ƙaramar hukumar Sarkin Yamma da sauran ƙauyukan Madarunfa a jihar Maradi, gyambon da ya kamata iyaye su ji tsoro ba ya jiran sakamakon bincike. Shi ne cutar noma, wadda sunanta ya fito daga Girkanci, ba shi da alaƙa da aikin gona. Takan fara ne da kumburin dasashi, da zubar jini da warin baki, sannan cikin 'yan kwanaki ta cinye kumatu da leɓe har ta kai ƙashi. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 waɗanda tamowa ko ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro suka riga suka raunana.

Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a 1998 ya nuna ana samun sababbin masu cutar 140,000 a shekara, kuma kusan tara cikin goma na mutuwa idan ba su samu magani ba. A Disambar 2023 hukumar ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, bayan buƙatar da Najeriya ta jagoranta.

Abin takaicin shi ne maganin matakin farko ba shi da tsada: wanke baki, abinci mai gina jiki, da magunguna irin su amoksisilin da metronidazol a hannun ma'aikacin lafiya. Idan aka makara, sai tiyatar gyaran fuska, wadda ake nema a wurare ƙalilan, kamar asibitin noma na Sakkwato da aka buɗe a 1999, ko ta hannun ƙungiyar Sentinelles da ke Damagaram. A Madarunfa kuwa, ƙungiyar likitoci ta MSF ta daɗe tana jinyar yara masu tamowa, tushen matsalar ke nan.

Nan ne matasan birni da 'yan ci-rani ke da rawar takawa, domin su ake kira a waya idan yaro ya kwanta. Duk wanda aka gaya wa ƙaninsa ya daina cin tuwo saboda ciwon baki, ya tambaya ko dasashin na jini, ya aika kuɗin mota a kai shi likita a ranar. Wanda kuma ya ci karo da mai tallar allurar ƙwayoyin halitta a Facebook ko TikTok, ya riƙe kuɗinsa.