Tagar Waje: 'Yan Wasan da Lokeshin Ɗinsu Maƙabarta Ce

A wannan watan tagar tamu ta leƙa birnin Atlanta na Amurka, inda ake yin wani wasan kwaikwayo da babu kyamara, babu darakta mai cewa "kat", kuma lokeshin ɗin ba gidan haya ba ne. Maƙabarta ce sukutum!

Na san wani zai ce a'uzubillahi. Ni ma haka na ce da farko, domin mu nan ziyarar kabari addu'a ce da tuna lahira, kuma ba na kiran kowa ya kwaikwayi wannan. Amma ku tsaya ku ji.

Sunan wurin Oakland, an buɗe ta a 1850, kuma mutum kimanin 70,000 ne ke kwance a ciki. A watan Oktoba, da dare, ana sayar da tikiti, a kasa 'yan kallo rukuni-rukuni, ɗan jagora ya riƙa bi da su tsakanin kaburbura. Sai ka tarar da ɗan wasa tsaye gefen wani kabari, sanye da tufafin zamanin mamacin, yana ba da labarin rayuwar mai kabarin da bakinsa, kamar shi ne. Ya gama, rukuni ya wuce, wani ya zo, ya sake daga farko. Kuɗin tikitin kuwa gyaran maƙabartar ake yi da shi, wadda guguwa ta yi wa ɓarna a 2008.

Manyan sunaye na nan. Akwai Margaret Mitchell, wadda daga littafinta aka yi fim ɗin Gone with the Wind a 1939. Akwai Maynard Jackson, baƙar fata na farko da ya zama magajin garin Atlanta. To amma ni ba su ne suka tsaya mani a rai ba.

A can baya, ko a cikin ƙasa ba a haɗa baƙi da farare. An ware wa bayi wani lungu, sannan a 1877 aka tone su aka mayar da su wani gefe, aka sayar wa farare filin. Da yawansu alamar katako aka kafa musu, ta ruɓe, suna ya ɓace. Ka ga kenan wanda zai taka rol ɗin irin waɗannan mutane ba shi da fim ɗin Indiya da zai wanko. Dole a shiga tsofaffin jaridu da takardun rajista, a haɗa labarin ɗan guntu-guntu.

Ɗauki Carrie Steele Logan, ita ma a nan take kwance. An haife ta cikin bauta. Tana aikin hidima a tashar jirgin ƙasa ta Atlanta ta riƙa tsintar yaran da aka yasar, har ta kafa gidan marayu a 1888. Ku gaya mani, wace jaruma ce za ta ƙi wannan rol ɗin? Ga hawaye, ga jarumta, kuma ba a buƙatar rawa da waƙa ko ɗaya don jama'a su tsaya.

Ɗan wasan nan fa 'yan mintoci kawai gare shi, 'yan kallo na tsaye dab da shi, wataƙila har da jikokin mamacin a cikinsu. Idan ya yi wa kakansu ƙarya, a nan take za a tare shi.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.