Gert Fröbe: Bos Ɗin Da Aka Sayi Fuskarsa Aka Bar Masa Muryarsa

Duk wanda ya taso yana zuwa gidan kallo ya san tambayoyi biyun da ake yi kafin a zauna: wane ne akta, wane ne bos? Akta ake yi wa tafi, amma maganar gaskiya bos ne gishirin fim. Idan bos ya yi sanyi, akta ba shi da wanda zai gwada wa bajinta. A cikin bosawan da Turai ta fitar, kaɗan ne suka kai wani Bajamushe mai ƙaton ciki da ƙananan idanu, Gert Fröbe, wanda ya fito a matsayin Goldfinger a fim ɗin James Bond na shekarar 1964.

An haife shi a 1913 a kusa da garin Zwickau da ke gabashin Jamus. Ya fara da kiɗan goge irin na Turawa da zanen bangon dandamali a Dresden, daga baya ya hau dandamalin da kansa. Abin da zai ba masu kallon Goldfinger mamaki shi ne, da rama ya fara suna. A fim ɗin Berliner Ballade na 1948 ya fito siriri kamar kara, sojan da ya dawo daga yaƙi ya tarar da Berlin ta zama kango. Sunan da aka ba shi a ciki, Otto Normalverbraucher, an samo shi ne daga katin rabon abinci na lokacin, wato mutumin da ba shi da wani ƙarin kaso. Har yau Jamusawa na kiran talaka gama-gari da wannan suna. Da ƙasar ta farfaɗo, shi ma ya yi jiki, rawar da ake ba shi kuma ta sauya.

A 1958 ya fito a matsayin mai kashe yara a fim ɗin Es geschah am hellichten Tag, mutum mai tsoron matarsa a gida, mai huce haushinsa a kan marasa ƙarfi a daji. Wannan rawar ce ta buɗe masa ƙofar Bond. A can ya zama attajirin da ke shirin lalata zinariyar Amurka da ke ajiye a Fort Knox domin tasa ta yi tsada, mutumin da ko a wasan golf sai ya yi maguɗi. Sean Connery ne akta, amma ni dai duk inda suka haɗu su biyu, idona a kan Fröbe yake.

Sai dai muryar da duniya ta ji ba tasa ba ce. Turancinsa bai nuna ba, saboda haka aka ɗauko wani Baturen Ingila, Michael Collins, ya ɗora murya a kansa kusan daga farko har ƙarshe. Mu da muka saba jin jaruman Indiya suna Hausa a finafinan fassara mun san yadda murya ke sauya mutum. Bambancin shi ne, a nan ba a gaya wa mai kallo ba. An ɗauki fuska da tumbi da jijjiga kafaɗa in yana dariya, sauran aka ce ya riƙe abinsa.

Haka kasuwar ta ci gaba da amfani da shi. A The Longest Day soja ne mai kai wa ’yan'uwansa kofi a kan doki. A Those Magnificent Men in Their Flying Machines kanar ne mai tuƙa jirgin sama yana duba littafin umarni. A Is Paris Burning? shi ne Janar von Choltitz, a Chitty Chitty Bang Bang kuma sarkin ƙasar da aka haramta yara. Shekara ashirin bayan yaƙi, Ingila da Amurka na son Bajamushe iri biyu ne kawai: wanda za a ji tsoro da wanda za a yi wa dariya. Fröbe ya iya duka biyun, aka biya shi da kyau, shi ma bai ƙi ba.

A tsakiyar wannan nasara ne tsohon tarihinsa ya taso. A 1965 wata jaridar Ingila ta buga hira da shi inda ya amsa cewa ya taɓa zama ɗan jam'iyyar Nazi. Gaskiya ne: ya shiga tun yana matashi, ya fita a 1937. Isra'ila ta haramta finafinansa. Ba da jimawa ba wani Bayahude da ya tsira daga kisan kiyashi ya je ofishin jakadancin Isra'ila a Vienna, ya ba da shaida cewa Fröbe ne ya ɓoye shi tare da mahaifiyarsa a lokacin yaƙi. Sai aka ɗage haramcin.

Masu ba da wannan labari sukan tsaya a nan suna murna, wai bos ya zama akta. Ni ban gamsu ba, ta ɓangarori biyu. Ina ganin an yi saurin yanke masa hukunci da farko ne domin duniya ta riga ta saba ganin fuskarsa a rigar mugu. Da kanun jaridar ya fito, sai ya zauna daram a kan hoton da ke zukatan mutane. Wannan zalunci ne da ake yi wa ’yan wasa a ko'ina, har da namu, waɗanda ake zagi a kasuwa saboda abin da marubuci ya sa su yi. To amma wanke shi tas da aka yi daga baya, shi ma akwai gaggawa a ciki. Ɓoye mutum biyu a Vienna ta wancan zamani ba ƙaramar kasada ba ce, wanda aka kama yana iya rasa ransa, kuma bai kamata a rage masa ladan ko da ƙwayar zarra ba. Duk da haka, ya shafe shekaru da katin jam'iyyar a aljihu, yana nan aka kafa dokokin Nuremberg na 1935 da suka raba Yahudawa da ’yancinsu na ’yan ƙasa. Ya ci gaba da wasa a dandamali har aka rufe gidajen wasa a 1944 aka tura shi soja. Mutum ɗaya ne ya yi wannan, ya yi wancan, kuma ban ga dalilin da zai sa a zaɓi ɗaya a jefar da ɗayan don labari ya yi santsi ba.

A gida kuwa ba a taɓa mayar da shi Goldfinger kaɗai ba. Yaran Jamus sun san shi da ɓarawo mai ban dariya na fim ɗin Der Räuber Hotzenplotz na 1974, manya kuma sun san shi da karanta waƙoƙi shi kaɗai a dandamali. Ya yi aiki da Fritz Lang da Luchino Visconti da Ingmar Bergman. Ya rasu a Munich a watan Satumba na 1988 yana da shekara 75. Wanda ke son jin Goldfinger da muryar mai shi sai ya nemi fassarar Jamusanci ta fim ɗin, domin a can shi ne ya ɗora wa kansa murya.